Yadda za a shirya ciyar da mabukata a ikilisiya ba tare da an kunyata kowa ba

'Yan'uwa cikin Almasihu, in zumuntarku na tunanin fara dafa wa mabukata abinci to ga yadda nake ganin ya kamata a bi, musamman mu ƙananan ikilisiyoyin cikin unguwa da baikonmu bai taka kara ya karya ba.

Ku fara da kaɗan. Sau ɗaya a wata wanda zaku iya riƙewa ya fi babban biki ranar Kirsimeti sannan shiru sai baɗi, kuma gaskiya ba a Disamba yunwa ta fi cizo ba tunda lokacin an gama girbi, tsakiyar damina ne wajen Yuli da Agusta, rumbu ya ƙare sabon hatsi bai shigo ba. A tsayar da rana guda da kowa ya sani, misali Asabar ta ƙarshen wata, kuma dan Allah kar a riƙa ɗagawa, akwai tsohon da zai tako da sandarsa daga nesa ya tarar da ƙofa a kulle.

Kafin a hura wuta a san su waye za a ciyar. Rigimar rabo ba yau aka fara ba, ku duba Ayyukan Manzanni sura 6, ana tsallake gwauraye mata da ke jin Helenanci wajen rabon abinci har sai da aka zaɓi mutum 7 su riƙe aikin, Istifanas na cikinsu. Ku ma ku zaɓi naku, kuma lallai a sa iyayenmu na zumuntar mata, su ne suka san gidan da tukunya ta kwana biyu bata hau murhu ba, don mai kunya bazai taɓa ɗaga hannu a sujada yace shi ne ba.

Kayan kuwa a ajiye buhu a bakin ƙofar majami'a, mai mudun shinkafa ya kawo, mai wake, mai kwalbar manja, mai damin itace. In kuɗi ne mutum biyu su ƙirga a rubuta a karanta lokacin sanarwa, shikenan babu ƙananan maganganu.

Abinci a yi mai sauƙi mai riƙe ciki, shinkafa da wake da mai da yaji ko dafa-duka, mutanen Filato kuma ga gwate. A tsince wake tun daren Juma'a. Yaji a ajiye shi gefe saboda yara da masu gyambon ciki. In akwai halin nama a saya wajen mahauci a kasuwa, a dafa a tukunyar da bata taɓa ganin naman alade ba, domin almajirai da maƙwabtanmu Musulmi zasu zo kuma ya kamata su ci hankali kwance. In ya faɗo cikin watan azumi a zuba musu nasu a roba su tafi da shi su sha ruwa.

Yanzu wurin da muka fi yin kuskure, wato rabon kansa. A jera mutane a layi cikin rana, ana miƙo leda ta saman katanga, wani yaro na gefe da waya yana ɗaukar hoto za a sa a Facebook. Haba! A Luka 14 Yesu cewa yayi in zaka yi biki ka gayyaci matalauta da guragu da makafi, gayyata fa, irin wadda ake wa baƙon da ake girmamawa. Ishaya 25:6 kuma yana maganar babban bikin da Ubangiji zai shirya wa dukan al'ummai, can muke sa bege, to in muna so mutane su ɗan hango yadda teburin Mulkin Allah zai kasance sai mu zauna mu ci tare da su. A fito da bencin coci a sa a inuwa, a zaga da buta da sabulu a wanke hannu, Baba Fasto da dattawa su ɗauki faranti su kai wa mutane da kansu sannan su zauna kusa da su su ci daga tukunya ɗaya, ba a ware musu wata kula mai cinyar kaza a ofis ba. Ka tambayi na kusa da kai sunansa, wata mai zuwa ka gaishe shi da sunan. Addu'a gajeriya ta isa, kar a riƙe mai jin yunwa da wa'azin awa guda abinci na hucewa, kuma kar a sa wa kowa sharaɗin sai ya shigo sujada. Wanda yake son addu'a zai tsaya da kansa bayan an watse.

Waɗanda ƙafa bata kai su ba, marasa lafiya da tsofaffi, a cire nasu tun kafin a fara rabo, matasa masu mashin su kai musu da zafinsa. Wanke-wanke kuma na samari ne, iyayen da suka sha hayaƙi tun asuba su zauna su huta. Kafin a tashi sakatare ya rubuta mudu nawa aka dafa, faranti nawa ya fita, ya isa ko bai isa ba, da shi za a auna na wata mai zuwa.