Matakan Shiga Ƙungiyar Lauyoyin Yahudawa ta Duniya

An kafa wannan ƙungiya, wadda ake taƙaita sunanta da IJL, a shekarar 1969, kuma cikin waɗanda suka assasa ta akwai René Cassin na Faransa, wanda ya taka muhimmiyar rawa wajen tsara daftarin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1948. Hedikwatarta tana birnin Tel Aviv.

Da farko, lauya ya zauna ya karanta manufofinta a tsanake, musamman yaƙi da ƙyamar Yahudawa, da wariyar launin fata, da musanta kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi. A ganina nan ne ya fi cancantar a daɗe, domin ƙungiyar tana karɓar masana shari'a daga kowane addini, matuƙar sun amince da waɗannan manufofi, kuma bai dace mutum ya sa hannu a kan abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba.

Na biyu, ya duba ko akwai reshe a ƙasarsa. Lauyoyin Amurka, alal misali, suna da nasu.

Daga nan sai ya cike fom, ya rubuta sunansa daidai da yadda yake a takardar shaidarsa ta aikin lauya, ya biya kuɗin rajista, ya adana rasit.

Bayan an karɓe shi, ya riƙa karanta mujallarta mai suna Justice, ya halarci taruka, ya kuma rubuta ranar sabunta rajista a kalandar ofishinsa don kada ta wuce shi.