Ba Kowace Mace a Zanen Japan Ce Geisha Ba

Duk wanda ya fara sha'awar zanen bugun katako na ƙasar Japan, wanda ake kira ukiyo-e, kusan ramin da na gabansa ya faɗa shi ma yake faɗawa. Ya ga mace ya ce geisha, ya ga igiyar ruwa ya ce tsunami, kowane fure kuwa sakura ne, wato furen itacen ceri, a wurinsa. Abin ya ishe ni. Waɗannan hotuna kayan kasuwa ne na zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, ana sayar da su a birnin Edo, wanda yanzu ake kira Tokiyo, a kan kuɗin kwano ɗaya ko biyu na taliya. Wanda ya saya a lokacin ya san sunan matar da ke jikin takardar, ya san ɗan wasan, ya san watan da ake ciki. Duk wannan bayani yana nan a jikin hoton har yau. Rashin karanta shi ne matsalar.

Mafi muni shi ne batun geisha. Geisha makaɗiya ce kuma mawaƙiya. Kayanta ba su da hayaniya, ɗamarar da ake kira obi a baya take ɗaure ta, kuma sau da yawa za ka ga shamisen, abin kiɗan nan mai tsirkiya 3, a hannunta ko cikin akwati a hannun mai rakiya. Waccan da ta fi ɗaukar ido, mai riguna bisa riguna da tsinkunan ado birjik a kai, ba geisha ba ce. Oiran ce, wato babbar karuwa ta unguwar Yoshiwara, unguwar da hukuma ta keɓe a 1617 aka kuma mayar da ita bayan gari bayan gobarar 1657.

Ni ban fara duba fuska ba, don fuskokin kusan iri ɗaya ake zana su. Daga ƙugu nake farawa: ƙaton ƙullin ɗamara a gaba alamar oiran ne. Sai ƙafa: dogayen takalman katako baƙaƙe, babu safa ko da ana dusar ƙanƙara. Sai in duba gefenta ko akwai 'yan mata ƙanana 2 masu kaya iri ɗaya, su ne kamuro, masu yi mata hidima. A ƙarshe sai rubutun da ke sama, inda ake sa sunan gidan da sunanta, kamar Hanaogi ta gidan Ogiya da Utamaro ya zana. Kada ka dogara da alama guda, domin matan aure ma sun taɓa ɗaure ɗamara a gaba. Matar aure ana gane ta da baƙin haƙori, in ta haihu kuma a aske gira. Budurwa ita ce mai hannun riga dogo yana reto. Akwai kuma 'yan mata masu kai shayi a shaguna, irin su Okita ta Naniwaya, waɗanda ba geisha ba ne, ba kuma oiran ba.

Wani zai ce mene ne na ɗaga murya a kan suna? Ai ba suna kaɗai ba ne. Hoton oiran talla ne, gidajen ne ke cin moriyarsa. Yawancin matan nan iyayensu talakawa ne suka miƙa su tun suna yara a kan bashi, a kan yarjejeniyar shekaru wajen 10, da yawa cuta ta kashe su da ƙuruciya, aka kai gawarwakin waɗanda ba su da kowa wurin ibadar Jokanji. Kai kuma ka zo ka rubuta "kyakkyawar geisha" a ƙarƙashin hoton, ka shafe duk wannan da kalma ɗaya. Haba!

Wani abin ma, wasu "matan" maza ne. Tun 1629 aka hana mata hawa dandamalin wasan kwaikwayon kabuki, saboda haka maza da ake kira onnagata ke fitowa a matsayin mata. Duba goshi: ƙaramin ƙyalle shunayya da ya rufe gaban kai, inda aka aske, shi ke tona asiri. Duba kuma tambarin da ke kan riga, domin kowane gidan 'yan wasa da nasa. Murabba'i 3, ɗaya cikin ɗaya, na Ichikawa Danjuro ne. In ka ga ɗan wasa da ido harara-garke, kada ka ce mai zane ya kasa. Tsayuwar da ake kira mie ce, lokacin da wasa ya kai ƙololuwa ɗan wasa ya sandare.

Sai shahararren hoton igiyar ruwa na mai zane Hokusai. Don Allah a daina ce mata tsunami. Sunan hoton da kansa ya faɗi inda abin yake, wato can cikin teku daura da Kanagawa, kuma igiya ce irin wadda iska ke tadawa. Jigon hoton ma ba ruwan ba ne. Ɗan ƙaramin tsaunin nan mai farin kai a tsakiya, wanda mutane ke ɗauka wata igiyar ce, shi ne Dutsen Fuji, kuma hoton ɗaya ne daga jerin hotunan Fuji da suka fito wajen 1831. Akwai jiragen ruwa 3 a ciki, na masu kai ɗanyen kifi kasuwar Edo da gaggawa, masu tuƙi sun kife a kan jiragen. Mutane da yawa sun yi shekaru suna kallon hoton ba su taɓa ganin su ba.

Gyaran mai sauƙi ne: fara kallo daga dama. Japanawan wancan zamani daga dama zuwa hagu suke karatu, kamar yadda muke karanta ajami. Wanda ya taho daga hagu, bayan igiyar yake bi, babu abin da ya dame shi. Wanda ya taho daga dama kuwa, tare da masu jirgin yake shiga, sai ya tarar da ruwan ya buɗe farata a kansa. Na saba rufe rabin hagu da takarda, in janye ta a hankali.

Kuskuren da ke kusa da wannan shi ne ɗaukar hoton wuri tamkar hoton kyamara. Hiroshige ya lulluɓe garin Kanbara da dusar ƙanƙara a jerinsa na hanyar Tokaido, wadda ta haɗa Edo da Kyoto, alhali yankin ba ya cika samun ta ba. Abin da zai yi kyau ya sayu shi ake nema.

Akwai kuma ɓoye magana. Hukuma ta riƙa tace hotuna daga wajen 1790, ga ƙaramin hatimin mai tacewa nan kusa da sa hannun mai zane. A 1804 an sa wa Utamaro ankwa kwana 50 saboda ya zana Toyotomi Hideyoshi, tsohon mai mulkin Japan. A 1842 aka hana hotunan 'yan wasa da na karuwai, sai Kuniyoshi ya koma zana kyanwoyi da kifaye masu fuskokin 'yan wasan da kowa ya sani. Labarin mayaƙa 47 da suka rama wa ubangidansu ya faru ne a farkon ƙarni na 18, amma a wasa da hoto an mayar da shi ƙarni na 14, aka sauya sunaye, shugabansu Oishi Kuranosuke ya zama Oboshi Yuranosuke. Ƙaton tarwaɗan da ake duka ko ake shan giya da shi, daga girgizar ƙasar Edo ta 1855 ya fito, don an yi imani shi ke motsa ƙasa. In hoto ya yi maka kamar wasan yara, nemi shekarar da aka buga shi kafin ka yi dariya.

Furanni agogo ne. Ume, furen wani itace ɗan'uwan ceri, na fitowa tun da sauran sanyi, ganyen furensa zagaye, manne da reshe. Sakura na biyo baya wajen Afrilu, bakin ganyen furensa a tsage, yana rataye a kan ɗan dogon tsinke. Tsuntsun dinya da farin wata na nufin kaka. Gauraka da kunkuru kuwa addu'ar tsawon rai ce.

Kada ka gina fassara a kan launi. Shuɗin furen aobana da jan beni suna koɗewa da haske da danshi, shunayyar da aka haɗa da su ta koma toka-toka. Rigar da ka ce ta makoki ce, mai yiwuwa da can ƙyalli take yi. Nemi wani bugun hoton a gidan tarihi ka kwatanta.

Ba a neman "ainihin zanen hannun" mai zane: masassaƙi kan manna shi a kife a kan katako ya sassaƙe shi tare da itacen. Jerin Fuji sunansa 36 amma hotuna 46 ne, na Tokaido sunansa 53 amma 55 ne, don an haɗa da mafari da maƙura. In kuma ka ga hannu ko takobi ya yanke a bakin takarda, mutumin ciki yana kallon wani da babu shi, to takarda ɗaya ka samu daga cikin 3 da ake jerawa, sai ka nemo sauran 2 kafin ka ce ga abin da hoton ke nufi.