Kafin ka kunna Brotli a sabarka

'Yan uwa masu riƙe da saba, don Allah kar a kashe gzip saboda an ji ana yabon Brotli. Dukansu hanyoyi ne na matse fayiloli su rage girma kafin saba ta aika wa burauza. Gzip tsoho ne tun 1992 amma duk burauza na gane shi, kuma a cikin manhajojin saba Nginx da shi yake zuwa, Apache ma akwai mod_deflate da ke yin aikin. Shi Brotli na Google ya fi matse HTML da CSS da JavaScript sosai, sai dai a Nginx sai ka ƙara ngx_brotli da kanka, Apache kuwa tun 2.4.26 yana da mod_brotli, sannan burauza ba ta neman shi in ba kan HTTPS ba.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne mataki na 11, wato matakin matsewa mafi ƙarfi a Brotli. Wallahi yana cin CPU ba kaɗan ba, in za a matse shafi lokacin da aka nema ka tsaya a 4 ko 5, shi 11 ɗin ka bar wa fayilolin da ba sa canzawa, ka matse su tun wuri ka ajiye.

Zstd na Facebook, shi ma hanyar matsewa ce, akwai sauri, manhajar saba ta Caddy na da shi, Chrome ma ya karɓe shi a 2024. JPEG da MP4 kam a ƙyale su, a matse suke. In ka gama ka duba Content-Encoding a amsar da saba ke aika wa burauza ka ga wanne ke fita.