Kama da Wane Ba Ta Wane: Yadda Za Ka Fara Tara Agogon Hannu

Agogon hannu na farko da na saya da kuɗin gumina jabu ne, kuma na san jabu ne tun ranar da na saye shi. Baƙar fuska gare shi, da zobe mai juyawa a kewaye, da tambarin kambi a sama, siffar Submariner na kamfanin Rolex sak. Wata huɗu na yi ina jin daɗinsa. Ran nan ruwan sama ya rutsa da ni a hanya, ko da na isa gida sai na ga raɓa ta lulluɓe gilashin ta ciki. Na kai wa mai gyara. Ya buɗe bayan, ya ɗora mini a tafin hannu don in gani da idona. Wani ɗan mitsitsin inji ne, ba suna ba lamba, an tokare shi da farar roba don kada ya yi ta yawo a gidan da ya yi masa yawa. Siririn zoben da ke hana ruwa shiga kuwa babu shi sam, alhali a fuskar an rubuta yana jure ruwa har mita 300. Ya ce mini, "Ɗan'uwa, irin wannan ba a gyara shi. Sai dai a sake cikin gaba ɗaya, kuma kuɗin aikin ya fi kuɗin agogon."

Tun daga ranar na koma duba agogo daga ciki zuwa waje, kuma abin da nake son koya maka ke nan idan kana sha'awar tarawa.

Kafin ka kashe ko sisi, ka rarrabe abu uku da mutane ke cakuɗawa. Akwai na asali. Akwai jabu, wanda masu sayarwa ke yi wa ado da sunan "kwafi" ko "lamba ɗaya", wato wanda aka manna wa sunan wani kamfani da tambarinsa ba da izini ba. Sannan akwai na uku, mai aron siffa: ya yi kama da wani shahararren agogo, amma sunan wanda ya ƙera shi ne a fuskarsa, kuma bai ɓoye ba. Na biyun satar suna ce, dokar ƙasashe da yawa ta haramta cinikinsa, jami'an kwastan kan ƙwace shi a kan iyaka, a Faransa ma riƙe shi kaɗai na iya jawo wa mutum tara. Na ukun halas ne, domin kariyar da doka ke ba wa zane tana da wa'adi, amma suna da tambari na mai su ne muddin yana sabunta rajistarsu. Ni dai shawarata a fili take: idan siffar ce ta burge ka, nemi na ukun. Za ka san injin da ke ciki, za ka sami kayan gyara, kuma idan aka tambaye ka me ka ɗaura, ba sai ka yi kame-kame ba.

To wace siffa ce ke jan ka? Ka zauna ka amsa wannan da gaske, don a nan ne yawancin masu farawa ke ɓarnar kuɗi. Kusan duk agogon da ake kwaikwaya ya fito ne daga wasu 'yan tsirarun iyaye. Akwai na masu ninƙaya, wanda Submariner na Rolex ya kafa wa tsari tun 1953. Akwai mai auna gudu, mai ƙananan fuskoki uku a cikin babbar, irin Speedmaster na Omega da ya fito a 1957 ya kuma je duniyar wata a hannun ɗan sama jannati Buzz Aldrin a 1969, ko Daytona na Rolex na 1963. Akwai mai kusurwa huɗu na zuwa taro, irin Tank na Cartier, wanda aka zana a 1917. Sannan akwai wanda sarƙarsa ta haɗe da gangar jikinsa kamar abu guda, salon da Gérald Genta ya zana wa Audemars Piguet da sunan Royal Oak a 1972, ya sake yi wa Patek Philippe da sunan Nautilus a 1976. Zaɓi ɗaya ka fara da shi. Ni na masu ninƙaya ne ya fara kama ni, sai da na yi shekara biyu kafin in gane cewa mai sauƙin fuska, marar zobe, shi ya fi dacewa da hannuna.

Daga nan sai ka auna wuyan hannunka. Ɗauki zare ka zagaya shi daidai bayan ƙashin nan da ya ɓullo, ka shimfiɗa zaren a kan rula. Nawa santimita 16 da rabi ne, kuma na koyi cewa faɗin milimita 36 zuwa 39 ne ke zama mini daram. Amma faɗin fuska ba shi ne duka labarin ba. Ka duba tsawon agogon daga ƙahon sama zuwa na ƙasa, wato inda maɗauri ke kamawa. Idan ƙahonin suka zarce faɗin hannunka suna reto a iska, ya yi maka girma ko da kowa na yaba shi. Ka duba kauri kuma. Wanda ya haura milimita 13 zai riƙa sarƙewa a hannun riga.

Yanzu mu shiga ciki, inda na fi son tsayawa. Inji iri biyu ne: na batir da na wani, wato wanda ake wanawa. Na batir, wanda ake kira kwatz, yana aiki ne da ɗan ƙaramin dutse da wuta ke kaɗawa sau 32,768 a kowace daƙiƙa. Seiko ne ya fara fitar da irinsa kasuwa, mai suna Astron, ranar 25 ga Disamba 1969, kuma cikin shekaru kaɗan ya durƙusar da masana'antun Suwizalan da yawa. Kada kowa ya sa ka raina shi. Ya fi na wani kiyaye lokaci nesa ba kusa ba, kuma Casio F-91W na 1989 yana da gurbinsa a akwatin duk mai tarawa da ya san abin da yake yi. Na biyun shi ne na wani, mai tafiya da ƙarfin sifirin. Wani da hannu ake wana shi, wani kuma yana da ƙarfe mai siffar rabin wata a bayansa, wanda motsin hannunka ke juyawa ya wana sifirin da kansa.

Idan za ka sayi na wani, tambayar farko ita ce: wane inji ne a ciki? Mai gaskiya zai faɗa maka suna da lamba. NH35 na Seiko yana bugawa sau 21,600 a awa, wato sau shida a daƙiƙa, yana riƙe ƙarfi kamar awa 41 bayan ka cire shi, kuma kusan duk mai gyara ya san shi. Miyota 8215 ma bugunsa ke nan. ETA 2824 da ɗan'uwansa Sellita SW200 suna buga 28,800, sau takwas a daƙiƙa, shi ya sa hannun daƙiƙarsu ya fi tafiya sumul. Kara agogon a kunnenka a ɗaki shiru, za ka ji bambancin saurin. Wanda kuwa ya ce maka "injin Japan ne" ko "injin Suwizalan ne" ya yi shiru, ba lamba, to ka mayar masa da kayansa. Kuma ka sani agogon wani ba ya rasa ɗan kuskure. Ko hukumar COSC ta Suwizalan da ke gwada mafi ingancinsu ta yarda da jinkirin daƙiƙa 4 ko gaggawar daƙiƙa 6 a rana. Ɗan ƙaramin inji da ke gaba da daƙiƙa 15 a yini lafiyarsa ƙalau.

Gilashi da ƙarfe ba sa buƙatar dogon bayani. Gilashin safaya shi ya fi jure ƙarzuwa, don taurinsa na mataki na 9 ne a ma'aunin da lu'ulu'u ke na 10. Ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316L ya wadatar. Ka guji mai ruwan zinare na araha, don gefensa ne ke fara koɗewa, kuma daga nan ba ya sake kyan gani. Araha ba ta ado.

Rubutun jure ruwa yana ruɗin mutane. Mita 30 ba ta nufin ka nutse mita 30, fantsalin wanke hannu kawai take nufi. Sai daga mita 100 ake shiga iyo da shi hankali kwance, shi ma idan kunnen wanin, wato ɗan maɓallin gefe da ake murzawa, a rufe yake ruf kuma zoben robar bai tsufa ba.

Wata rana za ka tara abin da ya isa ka nemi na asali, wataƙila wanda aka taɓa amfani da shi, kuma a nan ne sanin jabu zai yi maka rana. Ka tafi da gilashin ƙara girma irin na masu gyara. Fara da rubutun fuska: na asali harafinsa tsaf yake, bakinsa a yanke, na jabu kuwa sau da yawa tawadar ta ɗan malala ko tazarar haruffan ba daidai ba. Duba kwanan wata. A Rolex, ɗan ƙullutun gilashin da ke kansa yana ninka lambar sau biyu da rabi, har ta cika tagar, a jabu mai arha kuwa lambar kan zauna 'yar ƙarama, ta karkata gefe. Idan mai auna gudu ne, danna maɓallan, ka ga ko ƙananan hannayen suna aikin da aka yi su dominsa, don a jabu da yawa ado ne kawai. Murza kunnen wani a hankali, ka ji ko yana tafiya lau ko yana ƙarƙara kamar akwai yashi. Shafa yatsa a ƙarƙashin sarƙa, kaifin da bai kamata ba alama ce. Ka rufe shi a tafin hannu bayan ya sha haske, ka ga ko hasken hannaye da na lambobi launi ɗaya ne.

Abu biyu da ake yawan faɗa ba su da tabbas. Ana cewa duk Rolex da hannun daƙiƙarsa ke tsalle ɗaya-ɗaya jabu ne, alhali kamfanin ya yi na batir mai suna Oysterquartz tun 1977. Ana kuma cewa in akwai kwali da takardu an gama magana, alhali wanda ya iya ƙera agogo ba zai gaza buga kati ba. Jabun zamanin nan ma ya kai inda har injin ake kwaikwaya, ido kaɗai ba ya kama shi. Saboda haka ƙa'idata ɗaya ce: ba na biyan kuɗi mai nauyi sai mai gyaran da ni na zaɓa ya buɗe bayan a gabana. Mai sayarwar da ya ƙi yarda da haka ya riga ya ba ka amsa.

Game da yayi kuwa, ka san shi amma kada ya ja ka da hanci. A shekarun 2000 manyan agogo ake yi, milimita 44 zuwa sama, irin na Panerai. Yanzu an juyo ƙasa. Tudor ya fitar da Black Bay 58 mai milimita 39 a 2018 ya sami karɓuwa sosai, kuma maza da yawa sun koma ɗaura 36 irin na iyayensu, mata kuma na ɗaura wanda a da ake cewa na maza ne. Launi ma ya shigo: tun da Rolex ya fito da Oyster Perpetual masu fuska rawaya da kore da shuɗi mai haske a 2020, kowane kamfani ya shiga rina fuska. Salon haɗaɗɗiyar sarƙa ya dawo da ƙarfi, kuma Tissot PRX da aka farfaɗo da shi a 2021 daga wani zanen 1978 ya nuna cewa ana iya samun wannan siffa da sunan gaskiya ba tare da an sayar da gona ba. A watan Maris na 2022 Omega da Swatch suka haɗa hannu suka fitar da MoonSwatch, mutane suka kwana a layi a manyan birane. A wannan shekarar ce kuma farashin agogon alfarma da aka taɓa amfani da su ya kai ƙololuwa sannan ya fara gangarowa, waɗanda suka saya don riba suka ji a jikinsu. Ina jin takaicin ganin matashi ya sayi launin da ba ya so don kawai shi ake yayi, bayan wata shida ya jefa shi a aljihun tebur.

Idan kana son sabon kallo ba tare da sabon agogo ba, canja maɗauri. Auna tazarar ƙahonin, galibi milimita 18 ko 20 ko 22 ce, ka sayi ɗan ƙarfen cire fil, ka manna salatif a bayan ƙahonin don kada ka ƙarje su. Agogon ninƙaya ɗaya a kan sarƙa, da kan fata, da kan zare, kamar agogo uku ne.

Kulawa kuma 'yar kaɗan ce amma ba a wasa da ita. Kada ka ajiye na wani a kan lasifika ko kusa da maganaɗisun jakar waya, don zai fara gudu fiye da kima. In hakan ta faru mai gyara zai cire masa cikin minti kaɗan. Kada ka canja kwanan wata tsakanin ƙarfe tara na dare da ukun asuba a agogon, lokacin haƙoran da ke juya kwanan sun riga sun kama, kana iya karya su. Batir da ya mutu a cire shi da wuri kafin ya zubar da ruwa ya ci injin. Na wani kuma a kai shi wanki da mai duk bayan shekara biyar ko makamancin haka.

Ina da ɗan littafi da nake rubuta kowane agogo: ranar da na saya, lambar inji, faɗi, da daƙiƙa nawa yake gaba ko baya a mako. Kowace Lahadi da safe nakan daidaita su da agogon waya in rubuta. Wancan jabun na farko yana shafin farko, kuma har yau yana cikin akwatin da bayansa a buɗe. Duk wanda ya zo mini da maganar zai fara tarawa, shi nake fara miƙa masa tare da gilashin ƙara girma, sannan in ɗora masa NH35 a gefe ya kwatanta.