Fara da baki kafin biro

Salam 'yan uwa. Ga wata 'yar dabara ga mai son fara rubuta labari amma ya rasa ta inda zai kama.

Ajiye biro tukuna.

Kunna rikodar wayarka, ka ba da labarin da baki, kamar yadda Iya ke mana tatsuniya bayan isha'i. Minti 5 ya isa. Washegari ka saurara, kana tsayarwa kana kwafa a littafi.

Bakinmu ya riga hannunmu iya Hausa. Da ka riƙe biro sai ƙaƙale ya zo, ka shiga farautar manyan kalmomi, dattijon cikin labarinka ya koma magana kamar mai karanta labaran rediyo. Da baki kuwa, karin magana da zolaya da kansu suke fitowa. Ni a hanyar gona nake nawa, nan bayan Gumel, ba mai ji sai jaki. Ba ka sayi data ba, ba ka ɓata takarda ba.

Amma kada ka kwafe komai. "Ka gane ko" da "shi ke nan" za su cika maka shafi, zubar da su.

Dabarar ba ta ci a hayaniya. Na gwada ran Alhamis a kasuwar Maigatari, kukan shanu kawai na kwaso. In kuma labarin dogo ne mai mutane da yawa, rubuta sunayensu a gefe, kar Talatu ta koma Larai a tsakiya.

'Yan uwa mata, lokacin da tuwo ke sulala ma ya wadatar.