Kurakuran da ake yi wajen yin tambaya da harshen Thai

Bahaushe ya saba jawo kalmar tambaya zuwa farkon magana: "Me kake ci?", "Ina za ka?" Wannan sabon ne ke fara kayar da mai koyon harshen mutanen Thailand. A wurinsu kalmar tambaya ba ta motsi, tana zama daidai gurbin da amsa za ta shiga. Ana cewa "khun kin arai", wato "kai ci me", amsa kuma "phom kin khao", ina cin shinkafa. Gyaran mai sauƙi ne: fara gina amsar a zuciyarka, ka cire abin da ba ka sani ba, ka sa arai (me), khrai (wa) ko thii nai (ina) a wurinsa. Shi ya sa khrai ke zuwa farko a "khrai maa", wa ya zo, domin mai aikin ake tambaya. Thammai (don me) kuwa tana iya zama farko ko ƙarshe.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne liƙa kalmar nan ta Thai "mai" a ƙarshen kowace tambaya. Mai alama ce ta tambayar da amsarta i ko a'a ce. Idan ka haɗa ta da arai, jimlar ba ta lalace ba, ma'anarta ce ta sauya, kuma a nan haɗarin yake, don ba wanda zai yi maka gyara. "Ja kin arai" na nufin me za ka ci. "Ja kin arai mai" kuwa, za ka ci wani abu? Arai ta daina tambaya ke nan. Haka khrai ma take yi idan an kore magana: "mai mii khrai maa", ba wanda ya zo. "Arai ko dai" kuma, kome ma ya yi, kamar yadda "wa" ke komawa "kowa" a Hausa. A kula, harshen na da karin sauti 5: mai ta korewa muryarta faɗuwa take yi, ta tambaya kuwa sama take.

Sai "nawa". Kuɗin kaya a kasuwar Pratunam ta Bangkok thao rai ake tambaya. Abin ƙirgawa kuwa kii ne, kuma dole kalmar ajin abin ta biyo ta: "mii luuk kii khon", 'ya'ya nawa gare ka, inda khon ke nuna mutane ake ƙirgawa.

Namiji ya rufe tambayarsa da khrap don ladabi. Mace ta ce kha da murya sama. Kha wadda muryarta ke faɗuwa kuwa ta bayani ce da amsa.