Yadda zaki kula da alobera a gida

Alobera rana take so, ki aje ta bakin taga inda zata sha haske kamar awa 6 a rana, in haske yai mata kaɗan zaki ga ganyen ya sirance yana miƙewa yana neman taga.

Abinda yafi kashe ta shine yawan ban ruwa, wallahi mutane na wuce gona da iri a nan. Ganyenta mai kauri ruwa ne a ciki, dan haka kafin ki zuba ki tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi ki barta kawai, in ta bushe ƙamas ki zuba sosai har ya fita ta ƙasan tukunyar, dole tukunya ta zama da huji kuma ƙasar a gauraya da yashi. Sati 2 ko 3 sau ɗaya ya isa, lokacin sanyi ma ki ƙara ragewa. Ganye ya yi laushi yana rawaya? Saiwa ce ta fara ruɓewa.

In zaki fito da ita waje ki saba mata da rana a hankali, kar ta ƙone. 'Ya'yan da suke fitowa a gindi kuwa ki cire, su sha iska kwana 2 sannan ki dasa.